Takardar Shekarun Najmuddeen

Tib ɗin babur ne a hannun Mai Faci, ya nutsa shi a daron ruwa yana neman inda iska ke fita, sai ga ayari ta bakin kasuwar Azare. 'Yan acaɓa sun fi hamsin, oda kamar ta fasa kunne, samari na ihu: "Najmuddeen! Najmuddeen ya dawo!" Mai Faci ya ɗago kai da sauri, sannan ya mayar kan daronsa.

Shekarar 2007 ce. 'Yan ƙwallon da suka yi zaman Amurka suna ta tattarowa gida su shiga gasar ƙasa, masu sharhi a rediyo na cewa kishin ƙasa ne. Wane kishin ƙasa! Wa ya taɓa sauka daga jirgi ya ce sallamarsa aka yi? Shekara takwas wanda ake wa ihun nan, Ɗan Amurka kamar yadda unguwa ta raɗa masa, ya yi a can, daga ƙwallon makaranta zuwa wata ƙaramar ƙungiya, har gudu ya fara gagararsa. Yanzu wata ƙungiya a Bauchi ta ce za ta ɗauke shi. In wannan ta kuɓuce, shi da ƙwallo sai kallo.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Mai Faci, su biyu ke nan maza a gidan.

Sakataren ƙungiyar ne ya ɓata lissafi. Ya duba fasfo ya ga shekara ashirin da huɗu, ya duba fuskar mai fasfon, ya sake duba fasfon. Ya ce sai an kawo takardar rantsuwar shekaru daga kotu kafin yammacin Litinin, lokacin da za a rufe rajista. Ita kuwa takardar nan mutum ba ya rantse wa kansa. Sai uba, ko uwa, ko yayansa da ya ga haihuwarsa. Uba ya rasu. Mahaifiyarsu, Goggo, ta ce ba a shawarce ta a farko ba, kada wanda ya sako ta yanzu.

Ranar Juma'a bayan la'asar Ɗan Amurka ya zo rumfar faci, gemu a aske ƙwal, gashin kai baƙi wuluk kamar an shafa masa shuni. Mai Faci ya tashi ya ba shi benci, shi ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Sa hannu ne kawai, minti biyar," in ji Ɗan Amurka.

"Rantsuwa ce."

"Kowa yi yake! Mai tsaron gidan ƙungiyar nan ya aurar da 'yarsa bara, a takarda shekararsa sha tara."

"To ka nemi wanda ya rantse masa."

"Kai! Ni kake gaya wa magana?"

Mai Faci ya sunkuyar da kai. Ɗan Amurka ya yi ajiyar zuciya, ya sassauta murya.

"Ban iya komai ba sai ƙwallo. In suka ƙi ni, me zan yi a garin nan? Faci?"

Maganar ta riga ta fita. Mai Faci ya gyara zaman ƙafarsa ta hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa.

Ranar Asabar ya tafi wurin limamin unguwa da niyyar tambayar hukuncin rantsuwa a kan ƙarya. Ya zauna, ya yi gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tashi. A hanyar dawowa ya bi ta filin da Ɗan Amurka ke motsa jiki, jama'a sun kewaye. Ƙwallo ta ƙwace ta yo sama wajensa. Ya sa ƙafar dama ya kwantar da ita cak, ko tsalle ba ta yi ba. Aka yi shewa ana dariya: yau gurgu ya yi sa'a!

Ranar Lahadi Goggo ta kira shi ɗakinta. Ba ta dube shi ba, ƙasa take kallo.

"Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Amma in aka tona, ba kora kaɗai za a yi masa ba. Ni kuma na tsufa da kai tuwo gidan yari."

Litinin da hantsi suka shiga kotu. Akawun, Mista Reuben, wata uku ke nan da kawo shi daga Tafawa Ɓalewa, bai san kowa a garin ba. Ya buga takardar a tafireta, ya karanta da ƙarfi: shi Babayo Yunusa, wan Najmuddeen Yunusa, ya rantse an haifi ƙanin nasa a Azare ranar tara ga Maris, 1983, kuma yana gidan aka yi haihuwar.

"Haka ne, Malam Babayo?"

Sai da akawun ya maimaita tambayar. Ɗan Amurka ya jiƙe sharkaf da gumi, ga fanka na juyawa a kansa.

"Ranar haka take," in ji Mai Faci.

"To sa hannu nan."

Biro ya daɗe a tsaye kan harafin farko. Sannan ya rubuta sunan a hankali, harafi bayan harafi. Mista Reuben ya buga hatimi. Ɗan Amurka ya fizgi takardar ya nufi tashar Bauchi, ko waiwaye babu.

Ranar gaskiya ce, sunan ma gaskiya ne. Najmuddeen turawa suka aiko wa takardar gayyata, shi kuma mota ta taka masa ƙafa saura sati biyu tafiya. Ubansu ya ce ba za a yi asarar takarda ba, aka liƙa hoton Babayo, wan Najmuddeen, a fasfo, ya tafi da sunan. Najmuddeen ɗin ne yanzu ya ajiye biro, ya ja ƙafa ya koma rumfar faci.