Ɗan Magini da Manhajar Rangwame

Uwani, tun ɗazu nake ganin kina washe baki, wai jami'a ta samo muku manhaja a farashin ɗalibai. Madalla, arha ba laifi ba ce. Amma rufe kwamfutar nan ki ji misalin wani ɗan magini, don ni na gaji da ganin masu ilimi suna ɗaukar masauki tamkar gidan gado.

Uban yaron maginin ƙasa ne, irin masu yi wa fuskar zaure ado da hannu tun laka tana ɗanya. Bai taɓa sa zanensa a takarda ba, a ka yake riƙe da abinsa. Ɗan ya tafi jami'a koyon zanen gine-gine, ya tarar makarantar ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani: duk mai katin ɗalibi za a ba shi manhajar zane, haɗe da ma'ajiya a intanet, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shi dama ba mai shiga mutane ba ne, da ya sami manhajar nan kuwa sai abin nema ya samu. 'Yan ajinsu na can ɗakin zane suna musu da tsokanar juna, shi yana ƙuryar ɗakin kwana, daga shi sai allon kwamfuta. Tun ana leƙo shi har aka daina, domin mai cewa "ku je ina zuwa" kullum, wata rana ba a tsayawa jiransa.

Wani hutu ya zo gida ya tarar idon uban ya soma dushewa, hannu kuma yana rawa. Sai su zauna a tsakar gida da hantsi, tsohon ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja zane da yatsa. Wannan na ƙofar mai gari ne, wancan na gidan wani falke. Akwai guda da ya ce ubansa ne ya koya masa, bai taɓa ɗora shi a bangon kowa ba, ya bar wa zauren gidansu. Yaron ya bi su layi bayan layi ya kwafe a manhaja, ya tura ma'ajiya. Tsohon ya ce masa, "Sa yatsanka ka ja wannan ko sau ɗaya ne." Ya ce, "Baba, ai ya shiga inda ba ya ɓata." Kaji suka bi ta kan zanen, tsintsiya ta ƙarasa sauran.

To, 'yan shekarar ƙarshe a makarantar nan suna da al'ada. Kafin su mayar da katinsu sukan haɗu wajen mai shayi, kowa ya sauke aikinsa daga ma'ajiya ya zuba a filashi, saboda na gaba da su sun gaya musu rangwamen na ɗalibi ne, ranar da ka daina zama ɗalibi za a rufe ƙofa a share ɗaki. Yana rubuce a cikin sharuɗɗan nan masu ƙananan baƙaƙe da ba wanda ke karantawa, amma ainihin labarin baki da baki yake yawo. Shi kuwa bai taɓa zama a bencin mai shayi ba.

Aka tura shi bautar ƙasa can wani gari mai nisa, inda ba mai jin harshensa. Yana can uban ya rasu, kafin ya iso an rufe shi. Damina ta biyo baya ta ci zauren gidan. Da ya gama ya dawo, ba abin da ke ransa sai ya tayar da zauren nan ya sa masa zanen nan da tsohon ya bar wa zauren gidansu. Ya tayar da bango, aka kwaɓa laka, ya buɗe kwamfuta, sai ta ce ba ta san shi a cikin ɗalibai ba. Ya sayi manhajar a cikakken farashinta, ta buɗe masa, ma'ajiya wayam. Ya hau mota har makarantar. Ma'aikacin da ya tarar ya tausaya masa, ya ce, "Bawan Allah, ai an share tun bayan yaye ku. Abokanka ba su gaya maka ba?" Ya rasa sunan da zai kira.

Ya koma gida ya tsuguna daidai inda uban ke zama, ya share ƙasa da tafin hannu, ya soma jan zanen da yatsa. Ya kai tsakiya, yatsa ya tsaya. Dama layin ya karkata ko hagu? Ya ɗaga kai don ya tambaya, ba kowa a tsakar gidan sai shi. Wallahi Uwani, duk sanda na tuna wannan tsugunon sai zuciyata ta karye. Laka ta bushe a bango tana jiransa, zauren ya tsaya sumul, ba ko ɗigon ado.

Saboda haka karɓi rangwamenki ki yi aiki da shi, ban hana ki ba. Amma abin da ba ki da na biyunsa, sauke shi ki riƙe a hannunki, kuma ki riƙa zama inda 'yan'uwanki ke zama. Masu iya magana sun riga mu faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.