Zuciyar Sambo Mai Fito

Sambo mai fito ne a kogin Kwara, yana ƙetarar da 'yan kasuwar Illo da kayansu. Jirgin ba nasa ba ne, na yayansa Namadi ne. Tun damina ƙirjinsa ke bugawa ba daidai ba, wani lokaci har idonsa ya yi duhu yana tsakiyar tuƙi.

A makon da Najeriya ta cika shekara hamsin da samun 'yanci, wasu likitoci suka zo Bagudo duba mutane kyauta. Matarsa Dela ta matsa masa har ya je.

Malamar asibiti ta kwantar da shi, ta liƙa masa wayoyin wata na'ura a ƙirji da hannu da ƙafa. Ta ce duk bugun da zuciya ta yi akwai ɗan lantarkin da take fitarwa, shi na'urar ke ɗauka, kwamfuta ta auna. Takarda ta fito da zane hawa da sauka. Likita ya daɗe yana dubawa.

"Malam Sambo, zuciyarka tana tsallake bugu," in ji shi. "Ka tafi babban asibiti a Birnin Kebbi cikin makon nan. Kafin nan kada ka hau ruwa."

Sambo ya kai wa yayansa takardar, ya roƙi hutun kwana uku. Namadi ya juya ta, ya yi dariya, ya kira mutanen bakin ruwa su zo su ga ragon da akwatin Turawa ya ba izinin kwanciya.

"Albasa ta fito, kayan ƙetarwa sun yi yawa, sannan za ka aje mini jirgi? In ka tafi, kada ka dawo."

Sambo yana da 'ya'ya biyar. Ya koma aiki.

Ranar kasuwa, a tsakiyar kogi, ya dafe ƙirji ya sulale cikin ruwa, ko kira bai yi ba. Fasinjoji na kuka, ruwa ya ja jirgin har masunta suka tare shi.

Da labari ya iske Namadi, abin da ya fara tambaya shi ne ko jirgin ya fashe. Kafin a ga gawar, bayan kwana biyu, ya riga ya ɗora wani matuƙi. Dela kuwa ya ce mata kwana ne ya ƙare, ta yi haƙuri.

Mai karatu, in gwaji ya nuna ciwo, likita ya ce a tafi asibiti, a tafi ba jinkiri. Kada ka bar mai cin guminka ya yanke maka hukunci a kan lafiyarka.