Safiyar Fitar Takaba

Da safen da ta fita takaba, ƙanwarta ta iso daga Kore Mairuwa da ƙullin lalle da kwalbar man sa fari.

"Yaya, dubi yadda kika koma. Shafa tun mata ba su cika gida ba, kar a ce baƙin ciki ne ya dafe ki."

Yayar ta ɗauki madubi. Tun tana amarya take shafa man nan, har jijiyoyi suka fito kore a kumatunta, gaɓoɓin yatsunta suka ƙone. Duk unguwa ta gani, amma ba mai ce mata komi sai "kin yi kyau". Takaba ta hana ta kwalliya, fatar kuwa ta lallaɓa ta koma duhunta na asali.

Ta buɗe kwalbar, ta lakato.

Ɗiyarta, budurwa mai karatu a lise, wato babbar sakandare, ta tsaya bayanta tana ɗaura kallabi. Yarinyar nan ta tashi tana jin dangi na cewa baƙin babanta ta kwaso, ba ta yi sa'ar uwa ba. Ta daɗe tana duban fuskokin biyu cikin madubin.

"Inna," ta ce a hankali, "ashe ke na biyo."

Uwar ta goge yatsanta a bakin kwalbar, ta mayar da murfi.

"Miƙo mini man kaɗe," ta ce wa ƙanwarta. Sannan ta jawo hannun ɗiyar. "Ke kuma zauna nan kusa da ni, in mata sun shigo su gan mu tare."