Gemun Gazali Ya Ba da Shaida

Tun ranar da Gazali ya ga tarakta tana kifa ƙasa a fadamar Kebbe, hankalinsa bai sake zama wuri ɗaya ba. Yana duƙe da garma a gonar wani, amma a ransa yana can bisa kujerar direba, iska na kaɗa masa riga, balbelu na biye da shi, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. A mafarkin nan har Dada, mahaifiyarsa, yakan hango ta bar surfen ƙwadago, tana zaune a inuwa tana jan carbi.

Sai ga Allah ya kawo hanya. Wani kamfanin noman shinkafa ya ce zai ɗauki samari ya koya musu tuƙin tarakta, sunan Gazali kuma ya fito. Sharaɗi guda ne, sai an yi wa kowa gwajin ƙwaya a Tambuwal.

To, nan fa ake yin ta. Duk ƙauyensu Fakku ana yabon Gazali, wai shi kaɗai yakan yi noman mutum uku. Abin da ba a faɗi shi ne kunun bakin gona, wanda 'yan ƙwadago ke jefa wa tiramol, a sha a wuni ba gajiya. Gazali ya daɗe yana kafa kai a ƙwaryar nan.

Ya nufi abokinsa Sambo ɗan kabu-kabu, mutumin da bai taɓa cewa bai sani ba.

"Wanga abu mai sauƙi ne," in ji Sambo. "Gwajin miyau, abin da ka sha jiya kaɗai shika gani. Na fitsari, 'yan kwanaki. Ka dakata da sha, ka yi ta ɗura ruwan tsamiya. Na gashi shi ne mugun, don haka tafi wanzami shi yi maka ƙwal."

Gazali ya bi shawara sau da ƙafa. Ya daure ba ƙwaya, jiki na ciwo kamar wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa, shi kuwa yana ta tuƙa taraktarsa a zuci. Wanzami ya yi masa tas. Da aska ta gangaro wajen gemu, sai ya riƙe hannun.

"A'a, bar mani sunnata. Mi za ni ce ma mutanen masallaci?"

A Tambuwal gwajin fitsari ya fito lafiya lau. Gazali har ya fara jin ƙugin inji a kunnensa. Malama Batula, ma'aikaciyar lafiyar da ke gwajin, ta dubi kan nan mai sheƙi, ta ɗauko almakashi.

"Wanda za a ba inji ba a tsayawa kan fitsarinsa kaɗai," ta ce. "Fitsari na da mantuwa, gashi kuwa yakan riƙe abin da aka sha wata da watanni. Tunda kanka ba gashi, gemun ma ya isa."

Ƙat! Ta yanki gemun ta sa a leda, za a aika birni.

Dada ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta soya waina ta raba sadaka, tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya zama direba. Da sakamako ya iso, gemu ya nuna ƙwaya, kamfani ya cire sunansa ya ba wani yaro daga Jabo. Magana kuwa ba ta kwana a ƙauye.

Gazali ya shigo gida kai a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Dada ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ajiye taɓarya ta dube shi.

"Gazali, ashe ƙarfin da nika yabo gaban mutane ba naka ba ne?"

Sai hawaye suka zubo masa.

Jama'a, dabarar kauce wa gwaji ba ta cire ƙwaya daga jikin mutum. Mai son aikin gobe ya bar ta tun yau, in ta fi ƙarfinsa ya je asibiti a taimake shi.