Bijimin Baffa Jelani

Mutanen Taloka suna ta yaba sabon maraƙin Musaddiq, shi kuwa ya kasa ɗaga kai. Lokacin da ya kafa ɗan garkensa, a gaban jama'a ya kira bijimin baffansa Jelani tsohon yayi, ya ce saniyarsa sai allurar barbara.

Sau biyu allurar ba ta kama ba. Ranar da ya ga bijimin ya kwance yana kiwo bakin shingensa, sai ya lallaɓa ya buɗe masa ƙofa.

Yau Musaddiq ya je ya durƙusa gaban baffan nasa. "Baffa, maraƙin ga ba na allura ba ne. Bijiminka na sata."

Tsohon bai daina tufkar igiyarsa ba. "Ɗana, shekara arba'in ina ɗaurin shanu. Mi kake tsammani, ƙullina ya kwance da kanshi, kuma daidai bakin shingenka?"