Motar Mai Tsani

Kowace yamma sai Mai Tsani ya tsaya an ɗura wa tayoyin motarsa iska har sun koma kamar dutse, don ya lura hakan yana ƙara mata tsawo. Kamar tsawon bai isa ba! A-kori-kura ce ya sa aka ɗaga ta sama, kamar sai an sa tsani za a hau, har sai da unguwa ta laƙaba masa wannan suna, shi kuwa gogan naka yana jin daɗi.

Matsalar ɗaya ce. Ko tsakuwa motar ta taka, sai hanjin mutum ya kaɗa. Mahaifiyarsa, wadda aka yi wa aikin ƙugu, asibiti take zuwa duk Alhamis. Sau ɗaya ta shiga, ta sauko da hawaye.

"Ka gyara wannan raƙumin naka," ta ce, "ko in koma motar ƙaninka."

Motar ƙanin nasa kuwa wata 'yar gwangwani ce. A ce babban ɗa yana tsaye, a ɗauki uwa a gwangwani? Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Surukinsa, tsoho mai facin taya, ya zo gaisuwa. Ya ƙwanƙwasa taya da ɗan yatsa, ya buɗe baki zai yi magana.

"Baba, bar shi kawai," in ji Mai Tsani yana dariya. "Wannan ba keke ba ne."

Tsohon ya janye hannunsa daga tayar. Matar Mai Tsani, 'yar tsohon, ta ɗauke kofuna ta shige ciki.

Gareji uku ya zaga. Na farko ya canja sifirin, na biyu ya jibga masa buhunan yashi a baya, duk a banza. Ya kira su jahilai, 'yan cin amanar ƙarfe. Na uku ya sa masa shokozoba, wato ƙarfen rage jijjiga, 'yar waje mai launin ruwan gwal.

Washegari da safe, bayan matarsa ta gama sharar harabar gida, sharar da a ranar ta ɗauke ta lokaci fiye da kullum, ya tayar da mota. Ikon Allah! Lumui, kamar katifa. Ranar Alhamis mahaifiyarsa har gyangyaɗi ta yi a hanya, ta sa masa albarka a gaban ƙanin.

Shi ke nan, bakinsa ya buɗe. Duk majalisar da ya zauna sai labarin shokozoba. "Abu sai ilimi," yake cewa, "ba zaman bakin titi da roba da gam ba." Abu guda ne ke ba shi haushi: kullum ya je wurin mai famfon iska sai ya tarar tayoyin sun ɗan sauka. Ya zagi mai famfon, ya canja wani, ya zagi wannan ma.

Alhamis ta huɗu ya fito da wuri, don likita ya matso da lokaci. Tsintsiya na yashe a ƙasa. Daga bayan motar ya ji wani sauti, siiii.

Ya leƙa. Matarsa ce tsugune gaban taya, ta danna tsinken ashana a bakin bawul, iska na fita, tana ƙirga daƙiƙu da leɓɓanta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Dakata, saura ɗaya," ta ce. "Kuma Baba ya ce in gaya maka, ko keke ba a cika masa iska haka."