Gonar gahawar falke da shekarar ƙanƙara

Tun da ka tambaye ni amfanin adana irin da ba ya cika buhu, bari in ba ka misali. An yi wani falke a kan tsaunin Mambila, wanda duk ƙasar da fatauci ya kai shi sai ya roƙi 'ya'yan gahawar wurin, ya ƙulle a bakin rawani, ya zo ya shuka a bayan gida. Da ya tsufa, gonar ta zama abin dariya: wata bishiyar doguwa, wata gajeriya, wata 'ya'yanta ja, wata rawaya, wata ma ɗaci ne da ita har tsuntsu ba ya so. Ba sa nuna tare, kullum ana cikin tsinka. Maƙwabta kuwa iri ɗaya suka dasa, mai yawan 'ya'ya, su girbe a tashi ɗaya su huta. Da falken ya rasu, ɗansa ya wasa gatari, ya ce da zarar damina ta kankama zai sare su ya bi sahun mutane.

Ruwan farko ya sauka, gonakin gari suka yi fure a mako guda, tsaunin ya yi fari fat, ƙamshi har cikin ɗakuna. A makon nan aka yi ƙanƙara, ta kakkaɓe furen ƙasar kaf, magidanta suka zauna jugum suna tunanin abin da za su ci. Ɗan falke ya shiga gonarsa da gatari a kafaɗa. Sai ya tarar waɗansu bishiyoyin sun riga sun ɗaura 'ya'ya tun kafin ruwa, ƙanƙarar ba ta iya da su ba. Waɗansu ko toho ba su fara ba. Bayan kwanaki suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowace a lokacin da damina ke sauka a ƙasar da aka ɗebo irinta, ƙasar da ita ba ta taɓa gani ba. Ya tsaya a tsakiyarsu, ya ajiye gatarin a hankali, ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da itace lokacinsa." A shekarar, waɗanda suka yi wa ubansa dariya su ne suka zo da ƙorai suna roƙon iri, kuma bai hana kowa ba.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.